Shagon mamak na bakin titinmu a Wangsa Maju

Shekara uku ke nan muna zaune a Kuala Lumpur. Babansu yana digiri na uku a Jami'ar Musulunci da ke Gombak, ni kuma ina fama da yara uku a gidan haya. Wanda ke rayuwa da kuɗin tallafin karatu ba ya shiga gidan abinci da ka, sai ya leƙa aljihu tukuna. Shi ya sa fitarmu ta ranar Asabar ta koma hannun wani shagon mamak da ke kusa da tashar LRT, jirgin ƙasan cikin gari, ta unguwar Wangsa Maju.

Mamak Musulmi ne 'yan asalin kudancin Indiya, Tamilawa, waɗanda suka daɗe a Malesiya, kuma da sunansu ake kiran shagunan. Namu ba ya rufewa, dare da rana. Kujerun roba ne, da tebura har bakin titi, da fanka a sama, da ƙatuwar talabijin da ba ta san komai ba sai ƙwallon Ingila. Ba wurin ɗaukar hoto ba ne. Amma yaro ya zubar da ruwa ko ya tsala ihu, babu mai ɗaga kai ya harare ki, kuma duk uwar da ta taɓa kai ɗan shekara biyu gidan abinci mai sanyin na'ura ta san darajar wannan.

Abin da ke kawo mu shi ne roti canai. Ƙullin fulawa ne mai yin sa yake wurgawa a iska har ya yi shara-shara, ya naɗe, ya gasa a faffaɗan ƙarfe, sannan ya bubbuge shi da tafin hannu ya yi laushi. Yarana sukan tsaya a gabansa baki buɗe, kallo kyauta. Da miyar dal, ta wani irin wake, ake kawo shi, wadda ba ta da yaji sosai. Autarmu kuwa sai roti tisu, mai tsini kamar hula, wanda tsawonsa ya kusa kai nata, an yaryaɗa masa madara da sukari. Rabinsa a ƙasa yake ƙarewa.

Babansu nasi kandar yake ci, shinkafar da asalinta daga Penang ne, sunan kuma daga sandar da masu talla ke ratayawa a kafaɗa a da. Yana nuna kaza da kuɓewa, ya ce a haɗa masa miya kala-kala har shinkafar ta nutse. A nan ƙorafina na farko yake: babu farashi a jikin komai, ma'aikacin ne zai zo ya dubi farantin ya rubuta abin da idonsa ya ba shi. Faranti iri ɗaya mun biya ringgit 11 na kuɗin Malesiya, wani makon 15. Da babansu ya ce, "Bos, yaya haka?" sai mutumin ya nuna cinyar kazar, wai ta yau ta fi girma. To, wa zai yi musu a kan cinyar da ya riga ya cinye?

Na biyu sukari. Teh tarik, shayin madarar da ake zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, yana da daɗi, amma idan ba ki ce "kurang manis" ba, wato a rage zaƙi, zuma za ki sha. Ko kin faɗa ma, sai a hankali. Bayan gidansu kullum a jiƙe, gara ki kai yara kafin ku fito. An hana shan taba a wuraren cin abinci tun farkon 2019, amma teburan bakin titi ba duka suka ji labari ba, don haka ciki muke zama.

Mu biyar, da shayi da Milo mai ƙanƙara, ba mu cika wuce ringgit 50 ba, kuma babu kashi 10 na hidima da gidajen abincin manyan kantuna ke ƙarawa.

Daga nan sai jirgi, ba canji, zuwa tashar KLCC. Lambun da ke gindin tagwayen benayen Petronas yana da filin wasa da tafkin yara marar zurfi, duk kyauta. Mukan yi Magariba a masallacin As-Syakirin da ke gefen lambun, mu jira ruwan da ke rawa da fitilu ƙarfe takwas. Ki zo da kayan canji da laima, don ruwan saman garin nan ba ya sallama. Satin da ya wuce ya kama mu, muka koma gida sharkaf, autar tana barci a kafaɗar babanta, hannunta riƙe da ledar sauran roti.