Abin da na gani bayan wata huɗu ina shan sildenafil

Shekaruna 54, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi, kuma shekara shida ke nan ina fama da ciwon suga. Raunin gaba ya zo mini a hankali, har na koma fakewa da gajiya don kada uwargida ta gane, alhali tuni ta gane. Na sha jiƙe-jiƙe da ruwan ɗacin nan na kwalba da ake talla a kasuwa, ban tsira da komai ba sai faɗuwar gaba.

Likitan da na gani a asibitin Komfo Anokye bai rubuta mini komai ba sai da ya auna jinina, ya kuma tambaye ni ko ina shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, domin idan ya haɗu da maganin da zai rubuta mini, jini yana iya yin ƙasa har rai ya shiga haɗari. Daga nan ya rubuta mini sildenafil mai miligiram 50, wato sinadarin da ke cikin Viagra, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1998. Ya ce, "Alhaji, wannan ba ya kawo sha'awa, hanyar jini kawai yake buɗewa." Aikinsa shi ne dakatar da wani sinadari na jiki mai suna PDE5, sai jijiyoyi su saki, jini ya cika gaba, amma fa sai sha'awar ta motsa da kanta.

Daren farko ban ji daɗinsa ba, kuma laifina ne. Na cika cikina da tuwo da miyar gyaɗa da nama mai kitse, na haɗiyi ƙwayar, na zauna a bakin gado ina kallon agogo kamar mai jiran mota. Ashe maiƙo yana jinkirta shigarsa jiki. Da na koma shan sa awa ɗaya kafin lokaci, bayan abinci marar nauyi, sai ya yi aiki, kuma tasirinsa yakan kai kimanin awa huɗu.

Yana sa ni ciwon kai da toshewar hanci, kuma akwai daren da na ga hasken ƙwan lantarki ya koma shuɗi-shuɗi. Ba a shan sa fiye da sau ɗaya a yini, kuma an gargaɗe ni cewa idan miƙewar ta wuce awa huɗu in nufi asibiti ba tare da jin kunya ba.

Ya biya mini buƙata, sai dai lissafin lokacin yana damuna. Idan na koma asibiti zan tambayi likita game da tadalafil, wani maganin raunin gaban, wanda tasirinsa kan kai awa 36.