Zanzibar, Morishus ko Legas: ina mai sandar golf zai yi hutun kwana biyar?

Tun da kawuna ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu a ƙasar Kiyawa, abu biyu ya riƙe: gonar riɗi da wasan golf. Duk Asabar sai ya jefa jakar sanduna a bayan mota ya nufi filin Dutse, wanda marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi ya kafa. Mutanen gari ba su daina yi masa tsiya ba, wai dattijo da furfura yana bin ƙwallo kamar ƙwan zabo cikin rana tsaka. Bana da aka gama awon riɗi, ya kira ni bayan la'asar.

"Kai da waya ba ta barin hannunka, nemo mana tsibirin da za mu je ni da Hajiya. Kwana biyar, kada ya wuce. In buga wasa, ita kuma ta ga gari."

Na ce, "To Kawu, wanne kuka sa a gaba, wasan ko ganin garin?" Ya ce duka biyun. A nan gizo ke saƙar, don tsibirin da ya fi filin wasa daban, wanda ya fi daɗin yawo ga Bahaushe daban.

Zanzibar ce ta fara zuwa mini a rai, kuma Hajiya ce dalili. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, saboda haka ba ka tambayar yadda aka yanka nama, kiran salla kuma har ɗaki zai same ka. Tsohon birninsu, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a shekarar 2000, lunguna ne matsattsu kamar ka shiga Kurmi, sai dai ƙofofin gidajen na katako ne masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Akwai inda aka yi kasuwar bayi har zuwa 1873, akwai lambun Forodhani da ake gasa kifi a bakin teku da almuru. Manomi kuwa gonakin kayan ƙamshi za su fi tsaya masa a rai: kanumfarin da muke saye ƙulli-ƙulli a kasuwar Shuwarin, a can za ka gan shi a kan bishiya, ga kirfa ana ɓare ta daga jikin icce. Kwale-kwale kuma na kai mutane tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru.

Golf ɗin ne ba yawa. Filin da ake zuwa shi ne na otal ɗin Sea Cliff a Mangapwani, arewa da birni, kuma ramukansa, wato inda ake jefa ƙwallon, 9 ne. Wanda ya saba da 18 sai ya zaga sau biyu. Wasan kwana ɗaya ko biyu zai gamsar. Ranar uku ka haddace kowace bishiya.

Morishus akasin haka take. Filaye kamar jamfa a Jos. Akwai na Ile aux Cerfs, ramuka 18, wanda ɗan wasan Jamus Bernhard Langer ya tsara, a kan wani ƙaramin tsibiri da sai an shiga jirgin ruwa ake isa. Akwai na Anahita da ɗan wasa Ernie Els ya tsara, da filaye biyu a Belle Mare, da tsohon kulob ɗin Gymkhana a Vacoas inda sojojin Ingila suka fara wasan tun 1844. Kwana huɗu, fili huɗu, ba maimaici. Yawo ma akwai: ƙasa mai launi bakwai a Chamarel, lambun Pamplemousses, dutsen Le Morne inda bayin da suka tsere suka riƙa ɓuya. Musulmi ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba, amma Port Louis, babban birnin ƙasar, na da babban masallacin Juma'a, kuma abincin halal ba ya wuya a cikin gari. A manyan otal-otal na bakin ruwa ne sai ka buɗe baki ka tambaya. Aljihu dai zai ji a jikinsa, kwana da wasa duka.

Yanzu ga abin da masu tallar tafiya ba sa fara faɗa: kwana biyar ɗin nan, nawa hanya za ta ci? Zanzibar na da sauƙi daga wajenmu, tunda jirgin Habasha na tashi daga Kano zuwa Adis Ababa, daga can ka sauya. Morishus kuwa galibi sai ka gangara Legas ka bi ta Nairobi, ko ka zaga ta Dubai. Yini guda zuwa, yini guda dawowa, ga bambancin awa uku. Biyar ta koma uku ke nan.

Sai dai takarda ta juya lissafin. Tanzaniya ta sa 'yan Najeriya cikin waɗanda sai an nemi izini na musamman kafin a ba su biza, abin da kan ɗauki makonni, ba a kuma bayarwa a filin jirgi. Tun Oktoban 2024 akwai inshorar dole ta dala 44 ga kowane baƙon Zanzibar. Morishus kan buga wa ɗan Najeriya izinin mako biyu da isarsa, in ya nuna tikitin dawowa da shaidar masauki da ta guzuri. Dokokin nan kan sauya, don haka a tabbatar kafin a biya tikiti. Katin rigakafin shawara kuwa ko'ina za ka, sa shi cikin fasfo.

Lokaci ma yana da ta cewa, musamman ga mai gona. Yuni zuwa Oktoba duka tsibiran biyu na da daɗi, amma wa zai bar gona a tsakiyar damina? Mu sai an kai amfani gida muke samun sarari, wato Janairu da Fabrairu. A watannin nan Zanzibar rani take, da zafi amma ba ruwa sosai, sai Maris zuwa Mayu ne ake tafka shi. Morishus kuwa lokacin guguwarta ke nan, ana iya rufe fili kana zaune a ɗaki kuɗinka na tafiya.

Legas na sa ta ne don wanda fasfonsa ya mutu ko dala ta gagara. Ikoyi ma a tsibiri take, kulob ɗinta na 1938 na da ramuka 18, sai dai baƙo sai mamba ya shigar da shi. Akwai filin Lakowe Lakes a hanyar Epe, da gadar sama mai tsawon mita 401 a gandun Lekki. Cunkoso ne zai cinye hutun.

Kowanne ka zaɓa, kada ka biya sai an rubuta maka ko kuɗin shiga fili na cikin kuɗin ɗaki, nawa ne hayar sanduna da na mai ɗaukar jaka, da ƙarfe nawa aka ware maka. Na taɓa biya wa wani abokin Kawu ta hannun wani dillali da ya rantse komai na ciki. Da ya isa, wasan farko kawai aka biya. Kayan sawa ma a kula, riga mai kwala ake so a fili, kaftani sai an fito.

Da na gama zayyana masa, Kawu ya yi shiru yana jan carbi. Ransa na Morishus, na gani. Hajiya ce ta leƙo daga ɗaki ta tambaya ko da gaske ana sayar da kanumfari da man ƙamshi da araha a can Zanzibar ɗin. Na ce haka ne. Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya ce in fara neman bizar tun gobe, ramuka 9 ɗin zai zaga sau biyu.