Gargaɗi ga masu Shas: riyal 4,500 na biya, difarensa mai walda aka aiko min da sunan diflok

Jama'a, wallahi raina a ɓace nake rubuta wannan. Riyal 4,500 aka ci min a kan ƙarfen da ko mai gwangwan ba zai saya da daraja ba, kuma mutumin har yanzu yana tallarsa a intanet da sabuwar lamba. Cewa yake yana Riyad, yana da kayan tashlih, wato sassan da ake cirewa daga matattun motoci, na Land Cruiser.

Motar Shas ce, wato Land Cruiser a-kori-kura, ƙirar 1994, mai injin fetur 4.5, ta wani Alhaji da ke kawo min aiki a warshata a nan Jidda. Yana son diflok a baya, wato abin kulle difarensa don tayoyin baya biyu su juya tare, saboda yashi, don difarensa ta gama-gari in ƙafa ɗaya ta rasa ƙasa, can duk ƙarfin yake tafiya, ɗayar ta tsaya tana kallo. Na ba shi zaɓi biyu: na iska irin na kamfanin ARB, wanda sai an huda gidan difarensa an ja tiyo an ɗaura kwamfaresa, ko na kamfani, wato na Toyota, da ake cirowa daga tashlih, mai ɗan injin lantarki da muke kira motar kulle. Ya zaɓi na kamfani. Ni na nemo, ni na tura kuɗin. Riyal 4,500.

Kada wani ya ce ban yi tambaya ba. Na yi. Na ce ya auna babbar giyar, inci 9.5, daidai da bayan Shas. Na ce ya ƙirga haƙora a gabana ta bidiyo, ya ƙirga 37 a babbar, 9 a finiyon (ƙaramar giyar da ke juya ta), wato 4.11, daidai da na gaba, don in gaba da baya suka saɓa, ranar da aka sa dabal (tayoyi huɗu su ja tare) ranar giya za ta fara cin kanta. Na ce ya ƙirga tsagin da akas ke shiga, 30, ba 32 na motocin baya-bayan nan ba. Duk ya amsa ba gargada. Sai ya zura guntayen akas biyu, ya juya ɗaya da hannu, ɗayan ya bi shi gefe guda. Ya ce, "Ya Hajji, ka gani da idonka, a kulle take, wallahi amana ce tsakanina da kai." Wannan juyin nake ta maimaitawa a kaina. Na ga ta kulle. Ban ce ya buɗe ta ba. Sau nawa na sake kallon bidiyon nan, hannunsa na juyawa, giris baƙi ƙirin ya cika tagogin kwandon da ƙananan giyoyi ke ciki har ba ka ganin komai, ni kuma na ɗauka giris ne na ajiya.

Bayan bidiyon farko ya karɓi arabun, wato kafin alƙalami, 1,500 wai akwai wani daga Kasim da ke jira. Bidiyo na biyu ya zo da daddare, sannan na cika 3,000 da ya turo hoton takardar mota mai ɗauko kaya. 1,500 da 3,000. Duk hotunan hirarmu da rasit ɗin banki suna hannuna, zan ɗora su.

Abin da ya fi ƙona min rai, kafin kayan su iso na riga na taɓa motar mutane. Wanda ya san aikin ya san kan difarensa mai diflok ba ya zama a bakasil (gidan akas na baya) na gama-gari haka nan. Sai ka zare akas, ka sauke tsohon kan, ka ɗora gasket na mai diflok a bakin ka zana, ka yanke gurbin da cokalin kullewa zai shiga da garanda, ka sake wurin wasu ƙusoshin ka sa dogaye, ka wanke garin ƙarfen tas. Akas na gefen kullen ma sai mai dogon tsagi, don a kansa zoben da cokalin ke turawa ya kulle yake zamewa. Na yi yankan, na sayi akas ɗin daban. Bakasil ɗin Alhaji yanzu a yanke yake.

Da difarensar ta iso na sa yaro ya wanke ta da dizal. Giris na sauka, sai ga walda. Ƙananan giyoyin nan na cikin kwando an narke su da na gefe, dunƙule guda, har da tartsatsin walda a jikin boris. Na kwance motar kullen: cokali babu, zoben babu, cikinta tsatsa ce da busasshen laka. Na ba ta wuta daga batir, ko motsi. Gidan na diflok ne na gaske, shi ya sa hoton bai nuna komai ba, amma kullen ya mutu tuntuni, wani ya yi mata walda.

Ku san abin da wannan ke yi wa mota. Toyota da kanta ta ce in an kulle kada a wuce kilomita 8 a awa, kuma a buɗe da zarar an fita daga matsala. Mai walda ba ta buɗuwa. A kwalta duk kwana taya na ciki sai ya ja yana kuka, akas na murɗewa, ƙusoshin hob suna sakewa har su tsinke, in ga ɗan ruwa a hanya bayan motar ya kwashe. Da na ɗaura ta Alhaji ya ɗebi iyalinsa ya hau hanyar Hada zuwa Ɗa'if fa? Wannan mutumin ya san abin da ya aiko.

Na kira, ya ce, "Ɗan'uwa, ai ka ce mai kullewa kake so." Daga nan ya toshe ni. Na kai ƙara ta Kulluna Amn, manhajar jami'an tsaron Saudiyya, na kuma sanar da banki. Kuɗin Alhaji daga aljihuna zan mayar, 4,500, ban da akas da aikin kwana biyu.

In za ku saya, a wanke ta a gabanku. A ba motar kullen wuta volt 12 ku ga cokali ya je ya dawo. A buɗe, in an riƙe finiyon aka juya gefe ɗaya, dole ɗayan ya juya baya. Ku sa agogon awo a haƙori, wasan ya tsaya tsakanin milimita 0.15 da 0.20. Kada ku tura arabun, kuma kada garanda ta taɓa bakasil sai kayan na kan bencinku. Lambobinsa biyu da hoton waldar suna zuwa in na dawo daga banki.