Sayayyata a sabon babban kanti, da yadda na auna shi da shagon tireda da kasuwar Gujungu

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke yankin Taura a Jihar Jigawa, kuma shekara da shekaru hanyoyin cefanen gidana biyu ne kacal. Ranar Lahadi nakan je kasuwar Gujungu in yi awon hatsi da kayan miya, sauran ranakun mako kuwa yaro ake aika shagon mai tireda da ke bakin masallacinmu ya karɓo sukari ko ganyen shayi ko sabulu. Da labari ya bazu cewa an buɗe wani babban kanti a cikin gari, irin wanda mutum yake shiga ya ɗauki kaya da hannunsa sannan ya biya a bakin ƙofa, sai maiɗakina ta matsa mini lamba in je in gani, domin matan maƙwabta sun cika mata kunne da labarin arahar da ake yi a can. Na bari sai da albashi ya shigo, na rubuta bukatunmu a takarda, na kama hanya ranar Asabar, mako na biyu da buɗe wurin.

Ba wannan ne karo na farko da na shiga irin wannan kanti ba. Lokacin da aka buɗe Ado Bayero Mall a Kano a 2014, na shiga Shoprite kallo kamar sauran jama'a, na fito da burodi guda ɗaya, kuma har kamfanin ya rufe wannan reshe a Janairun 2024 ban taɓa yin cefanen gida a can ba. Wancan na mutanen birni ne. Wannan kuwa an kawo shi kusa da mu, shi ya sa na je da niyyar aunawa, ba ta buɗe ido ba.

Tun daga bakin titi na san cewa na zaɓi ranar da ba ta dace ba. Babura da a-daidaita-sahu sun cika filin gaban kantin, masu gadi biyu sun tare ƙofa suna shigar da mutane rukuni-rukuni, sai wasu sun fito sannan a bar wasu su shiga. An karɓi jakata an ba ni lamba, abin da ban ga laifinsa ba tunda kowa haka aka yi masa, har da masu manyan riguna. A ciki kuwa, 'yan kekunan ƙarfen da ake tura kaya duk sun ƙare, sai da na jira wani ya ajiye kwandon roba sannan na samu. A ganina kusan rabin mutanen ba sayayya ta kawo su ba: samari suna ɗaukar hoto a gaban firji, yara suna zagayawa domin shan sanyin na'ura, ga kuma dattawa irina da ke duba takarda suna neman hanyar wucewa. Tsakanin kanta da kanta babu faɗi, mutum biyu masu kwando ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace, kuma da jama'a suka yi yawa sai sanyin ma ya gagara.

Abin da ya fara burge ni, kuma har yanzu shi na fi yabawa, shi ne kuɗin kowane kaya yana rubuce a ƙasansa. Wanda bai saba da kasuwar ƙauye ba ba zai gane girman wannan ba. A kasuwa ana duban fuskarka da suturarka kafin a yi maka kuɗi, kuma ma'aikacin gwamnati sananne ne, musamman a ƙarshen wata. Za ka yi tayi a ce albarka, ka ƙara, ka yi kamar za ka tafi, a kira ka a ce an sallama, ka dawo gida zuciyarka ba ta natsu cewa ba a cuce ka ba. A nan kuwa abin da attajiri zai biya shi manomi zai biya, kuma ina tafe ina lissafi a wayata, na san inda kuɗina zai tsaya kafin in kai wurin biya.

Sai dai rubutu yana amfanar wanda ya iya karatu ne kawai. Na tarar da wata tsohuwa riƙe da gwangwanin madara tana tambayar wani ma'aikaci, "Ɗan nan, nawa za a bar mini wannan?" Yaron ya amsa cikin ladabi, "Inna, kuɗin yana rubuce, a nan ba a ragi," ya wuce da sauri domin ana kiransa a wani ɓangaren. Ta tsaya tana jujjuya gwangwanin, sai ni na karanta mata, na kuma nuna mata wata madarar ta leda wadda ta fi sauƙi. Kanti da aka kafa a tsakiyar manoma ya kamata ya ajiye mutum biyu ko uku da aikinsu kawai shi ne su taimaki irin wannan baiwar Allah, domin ita da ire-irenta su ne mafi yawan masu sayen yankin.

Game da farashi, na je da kuɗaɗen mai tiredarmu a kaina, saboda haka kwatancen bai yi mini wuya ba. Duk kayan kamfani da ake saya da yawa sun fi araha a sabon kantin: katan ɗin taliya, jarkar man girki mai lita 5, babbar ledar garin wanki, sabulun wanka idan an ɗauki dozin, da madarar gari ta babbar leda. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai babban kanti yana ɗaukar kaya mota guda daga hannun dila, shi kuwa mai tireda katan ɗaya ko biyu yake sarowa, sau da yawa ba ma daga kasuwar Singa ta Kano kai tsaye ba, daga hannun wanda ya saro daga can. Ga kuɗin mota a kai, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Amma idan ƙwaya ɗaya za ka ɗauka, Indomie guda ko ƙaramin tumatirin leda, bambancin bai taka kara ya karya ba, wasu ma na ga kuɗinsu ɗaya da na ƙauye.

A ɓangaren abincin da muke nomawa kuwa, kantin bai kama ƙafar Gujungu ba. Akwai shinkafa gyararriya ta buhu mai kilo 50 da 25 da 10, babu tsakuwa babu ƙaiƙayi, kuma na yarda tana rage wa uwargida wahalar tsinta. Duk da haka shinkafar gida da ake kawowa daga fadamun Haɗeja, idan ka auna ta da tiya a kasuwa, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wake an zuba shi a 'yan ƙananan ledoji da tsadar da manomin wake ba zai yarda da ita ba, tumatir da tattasai an jera su ƙwaya shida-shida an lulluɓe da leda, kuma ban ga gero ko dawa ba sam. Daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, waɗanda su ne miyar gidajenmu, babu ko ɗaya. Abu guda da zan ba kantin a nan shi ne gaskiyar ma'auni, domin kilo kilo ne. Tiya kuwa ta wani ta fi ta wani, akwai wadda aka bubbuge gindinta, kuma tozon da za a yi maka ya danganta da sanayya. Amma a kasuwa ana yi maka gyara, kana ɗibar hatsin a tafin hannu ka duba ko ya bushe, ka tauna ƙwaya ɗaya ka ji, abin da ledar da aka liƙe ba za ta ba ka dama ba.

Wajen adana kaya dole in yaba musu. Firji suna aiki da sola da janareta, madara da man shafawa ba sa kwana cikin zafi da ƙura, kuma duk abin da na ɗauka na duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi na same su. A shagunan ƙauye mun saba sayen gwangwanin da rana ta kore rubutunsa, ba don mugunta ba, sai don kaya suna daɗewa ba su fita ba. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne wani biskit da aka tara a bakin ƙofa da ragi mai yawa, mutane suna ta ɗiba, da na duba sai na ga saura 'yan makonni wa'adinsa ya cika. Sayar da shi ba laifi ba ne, amma ya kamata a rubuta dalilin ragin a fili.

Wurin biya nan ne haƙurina ya kusa ƙarewa. Teburan karɓar kuɗi huɗu ne, biyu kawai ke aiki, na fi awa guda a layi har azahar ta same ni a tsaye. Tun ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023 mutanenmu suka koma biya ta waya da kati, to ranar sabis yana ɗaukewa, mutum ya tura kuɗi a tsaya jiran alat, layi ya tsaya cak. Da na karɓi rasit na koma gefe na bi shi layi-layi, sai na ga kuɗin jarkar mai ya ɗara abin da ke rubuce a kanta. Na nemi manaja, ya bi ni muka je muka duba tare, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, jiya aka canza farashi a kwamfuta ba a canza takardar ba," ya sa aka mayar mini da bambancin ba tare da gardama ba. Na ji daɗin yadda ya karɓi ƙorafin, amma na tuna tsohuwar nan da ba za ta iya bin rasit ba. Sauran canjina kuma alawa aka ba ni maimakonsa, alhali ba alawa na zo saya ba.

Da na dawo gida na zauna da takarda da rasit, sai lissafin ya nuna abin da ban zata ba. Na samu ragi na gaske a kan mai da taliya da kayan wanki, amma kuɗin mota zuwa da dawowa, da na ɗan acaɓan da ya kawo ni da katan daga bakin titi, sun cinye kusan rabinsa. Sauran kuma ya tafi a kan lemon kwali da cakulan da na ɗaukar wa yara, waɗanda ba sa cikin takardata. An jera su ne daidai inda ake tsayuwar layi, inda ido ba ya da wurin zuwa sai kansu. Na yanke shawarar zan riƙa zuwa sau ɗaya a wata, da safiyar ranar aiki, kuma mun yi magana da abokan aikina biyu mu haɗa kuɗi mutum ɗaya ya je ya sayo katan-katan mu raba, domin kuɗin mota ya zama ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wucewata ta gaban shagon mai tiredarmu da ledojin kantin a hannu. Mutumin nan shi ke ƙulla mana sukari da gishiri gwargwadon abin da ke aljihu, shi ke buɗe littafin bashi idan albashi ya yi jinkiri, bai taɓa aiko yaro gidana neman kuɗi ba, kuma da mahaifiyata ta rasu kwana uku yana zuwa zaman makoki. Ya tare ni da fara'a ya ce, "Malam, an je an ga sabon wuri ke nan?" Ya nemi in nuna masa rasit, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce kuɗin da na sayi madarar nan ko a sari shi bai same ta haka ba. Bai faɗa da ɓacin rai ba, amma na ga damuwa a fuskarsa, domin idan masu albashi suka kwashe cinikin tsabar kuɗi suka kai gari suka bar masa masu bashi kaɗai, jarinsa ba zai jure ba.

A daren nan bayan sallar isha'i maiɗakina ta zazzage ledojin ta ga babu ashana, ga shi gishirin gida ma ya ƙare, ni kuma ban saka su a takarda ba. Aljihuna babu ko sisi, sai na aiki yaro da fitila zuwa bakin masallaci. Ya dawo da ashana da ƙullin gishiri, ya ce mai shago ya ce a gaishe ni, ya rubuta a littafi.