Littafin Dale Carnegie kan magana a gaban jama'a: amfaninsa da giɓinsa ga mai karatu a Damagaram

Ɗalibin da zai kare kundinsa a Jami'ar André Salifou, da ma'ajin ƙungiyar iyayen yara da aka ce ya tashi ya yi bayanin kuɗi, da matar da aka zaɓa shugabar asusu a unguwa, duk ciwonsu ɗaya ne. Da an ce "bismilla, muna saurare", sai yawu ya ƙafe, gwiwa ta yi sanyi, abin da aka kwana ana shiryawa ya bi iska. Masu karanta Faransanci a cikinsu kan nemi magani a littafi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna shi ne Comment parler en public na Dale Carnegie. A ganinmu littafin ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗi biyu: mai karatu ya samo wa kansa wurin gwaji, sannan ya tace abin da bai dace da tarbiyyar taronmu ba.

Carnegie Ba'amurke ne, an haife shi a 1888. A 1912 ya fara koya wa manya magana a ajin dare a birnin New York, kuma daga darussan wannan aji ne ya fitar da littafinsa kan jawabi a 1926, shekarar da Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka kai Yamai. Ya rasu a 1955, matarsa Dorothy ta sake gyara aikin aka buga a 1962. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, domin yana nuna cewa asalin littafin abokin tafiyar aji ne, inda kowane ɗalibi ke tashi ya yi magana a gaban 'yan uwansa. Wanda ya karanta shi a kan katifa daga bango zuwa bango bai tashi ya buɗe baki ba, rabin kaya ya saya.

Wajen saye, a duba suna da kyau, don marubucin yana da wani littafin da ya fi wannan shahara, kan zama da mutane, kuma akan ɗauki wancan a madadin wannan. In tsohon kwafi ne daga masu shimfiɗa littattafai a ƙasa, a buɗe tsakiya a tabbatar manne bai saki ba, don zafin bazara yana busar da shi shafuka su riƙa zubewa. Na takarda ya fi wanda ake turawa a salula, saboda littafi ne da ake ja wa layi da bik, ana komawa.

Babbar kyautar da littafin ke yi wa mai karatu a nan ita ce haninsa ga haddace jawabi kalma bayan kalma. Wannan hani yana da nauyi a wurinmu, don mun tashi da hadda ta fuska biyu, a makarantar allo da kuma a lakol. Hadda tana da muhallinta: aya, hadisi, baitin waƙa, waɗannan ba a canja musu harafi. Jawabi kuwa wani abu ne dabam. Wanda ya haddace shi, kowace jimla tana rataye ne a jikin wadda ta gabace ta, kamar carbi. Zare ya tsinke wuri ɗaya, duka sun watse. A duba abin da kan faru a zauren kare kundi: ɗalibi ya ɗauko da gudu, idonsa a rufin ɗaki yana laluben layi na gaba, muryarsa a miƙe babu hawa babu sauka. A minti na huɗu wani malami ya katse shi da tambaya ƙarama. Ya amsa, ya juyo zai ci gaba, sai ya tarar babu inda zai kama, ya koma ya maimaita sakin layin da ya riga ya faɗa. Ilimin yana kansa, hanyar da ya bi ya ajiye shi ce ta ci amanarsa.

Abin da ya maye gurbin hadda shi ne a riƙe ma'ana a bar kalmomi su zo da kansu. A aikace, ka samu kati mai kauri kamar girman tafin hannu, ka rubuta maki uku, kowane maki kalma uku zuwa biyar, da manyan haruffa. Lambobi da sunayen mutane kaɗai za a rubuta cikakku. Sannan ka faɗi jawabin da baki sau biyar a ranaku dabam-dabam, kana kallon katin kawai. Kowane karo kalmomin za su bambanta, kuma haka ake so. Jimlar buɗewa da ta rufewa su kaɗai suka cancanci a zaunar da su daram a ka, don a waɗannan wurare biyu tsoro ya fi kama mutum. Kati ya fi farar takarda saboda takarda tana ninka rawar hannu, na sahun baya ma sai ya hango ta tana karkarwa.

Shawara ta biyu mai ƙarfi ita ce mutum ya yi magana kan abin da ya rayu a ciki ko ya yi bincike mai zurfi a kai, kuma ya tara fiye da abin da zai faɗa. Maƙerin da aka ce ya yi bayanin yadda ake gane ƙarfe mai kyau ba zai yi in'ina ba, ko da bai taɓa riƙe makirufo ba. A ba shi takarda kan "ci gaba mai ɗorewa" a ga yadda zai daburce. Yawancin abin da ake kira rashin baki, rashin kaya ne a ka.

Sai tsarin gajeren jawabin neman a yi wani abu, wanda a ganinmu shi kaɗai ya isa a sayi littafin dominsa. Matakai uku ne a jere: ka fara da labarin wani abu da ya faru, ka faɗi abin da kake so a yi, ka faɗi amfanin da za a samu. A jawabin minti biyu, labarin ya ci kusan minti ɗaya da rabi, sauran biyun jimla ɗai-ɗai. A ce taron iyayen yara ne. Maimakon a fara da cewa ilimi gishirin zaman duniya ne, wanda kowa ya sha ji, sai mai magana ya ce: "Ranar Talata iska ta ɗaga kwano uku na rufin aji biyu. Da na shiga da hantsi, na tarar yara sun matsu a kusurwa ɗaya suna gudun rana, malam yana rubutu rabin allo a inuwa rabi a rana. Ina roƙon kowane gida ya kawo dala ɗari kafin Juma'a. In mun yi haka, ruwan farko ba zai tarar da 'ya'yanmu a fili ba." Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a nemi abu uku ko huɗu lokaci guda, ko a nemi abin da ba shi da kai, irin "mu tashi tsaye". Mai sauraro yana son ya san nawa, yaushe, a hannun wa.

Kan tsoro, littafin ya yi gaskiya da ya ce kusan kowa yana jin sa, har ƙwararru, kuma kaɗan daga cikinsa yana ƙara kuzari. Sai dai ya fi ba da ƙarfin gwiwa da labarai fiye da ba da dabarar jiki, don haka ga ciko. Bugun zuciya da bushewar baki da rawar murya aikin jiki ne da ya ɗauka haɗari ya zo, numfashi ya koma sama-sama a ƙirji, murya ta rasa iskar da za ta hau. Kafin a kira ka, ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu har ciki ya taso, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida, sau biyar. A guji shayi mai kauri da goro awa guda kafin magana: dukansu suna ƙara bugun zuciya, goro kuma yana ɗaure baki. A lokacin hunturu, da ƙura ke busar da maƙogwaro, a ajiye ruwa kusa a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. In ka tashi, ka kafa ƙafa biyu, ka yi shiru na daƙiƙa uku kafin sallama. Shirun zai yi maka tsawo, amma jama'a natsuwa suke gani.

Inda littafin ya fi kaucewa daga ƙasarmu shi ne buɗe jawabi. Yana son a faɗa cikin labari tun jimlar farko. A Damagaram, garin da ke da fadar sarki da tsarin girma da kowa ya sani, wanda ya yi haka a gaban wakilin sarki da liman da mai unguwa ya zubar da jawabinsa tun bai fara ba. Sallama da gaisuwar manya haƙƙi ne. Matsalar da ake samu ita ce a wuce gona da iri, a ci minti huɗu cikin biyar ana jera muƙamai, ko a tsallake wani babba, ko a sa na ƙasa gaban na sama. Maganinsa a tambayi mai shirya taro jerin manyan baƙi da tsarin girmansu tun kafin a zauna, a rubuta a bayan katin, a ambaci uku ko huɗu na sama da sarautunsu daidai, a haɗe sauran da "iyayena da 'yan uwana maza da mata". Rabin minti ya isa. Daga nan sai a shiga labarin kamar yadda littafin ya koyar.

Haka batun ba da haƙuri a farko. Littafin ya hana, kuma yana da hujja: wanda ya ce "ku yi haƙuri ban shirya ba" ya sanar da mutane cewa bai darajta lokacinsu ba. Amma jimla ɗaya ta tawali'u, irin "ba don na fi kowa sani aka ba ni wannan dama ba", ladabi ce da kunnen Bahaushe ke jira, musamman daga yaro a gaban dattawa. A riƙe ta, kada dai a ja ta. Labarin kai ma sai da awo, tunda an ce yabon kai jahilci. Labarin da mutum ya ga abu da idonsa, ko ya yi kuskure ya gane, yana shiga. Wanda ya fito da shi gwarzo yana sa a fara kallon juna. Kallon ido cikin ido da littattafan irin wannan ke yabo shi ma sai an sassauta: a raba kallo ga ɓangarorin zaure uku, dama, tsakiya, hagu, kowanne tsawon jimla ɗaya ko biyu, ba tare da an kafe dattijo da ido ba.

Akwai abin da littafin bai san da shi ba sam, wato mai karatu da Faransanci da zai yi magana da Hausa. Wanda ya shirya da Faransanci yana juyawa a tsaye, jimlolinsa kan fito a karkace, kalmomin aro su yi yawa har tsofaffi su daina bi. A yi shiri da gwaji cikin harshen da za a yi jawabin. Wurin da ya fi haɗari shi ne kuɗi. Takarda ta ce 5.000, mai magana ya karanta "dubu biyar", alhali kunnen kasuwa da dala yake lissafi, wadda sefa biyar ce, sai ya ji 25.000. Abin da ya kamata ya ce shi ne jikka biyar, ko dala dubu. A juya kowace lamba tun a gida a rubuta ta da Hausa a katin. Rigima da yawa a taron ƙungiya daga nan take tashi, a zargi ma'aji da abin da bai ci ba.

Misalan littafin kuwa, na 'yan kasuwar Amurka da shugabanninta irin Lincoln, sun tsufa kuma suna maimaita juna. Ana iya tsallake da yawa ba a yi asara ba.

Saura wurin gwaji, kuma a nan Damagaram ba ta da talauci. Fada, wato majalisar hira ta samari, tana nan kusan kowace unguwa, daga Birni zuwa Zango da Sabon Gari, mata kuma suna da taron asusu na mako-mako. Mutum biyar zuwa takwas sun isa. A ɗauki babi ɗaya a mako, wanda ya karanta ya bayyana wa sauran da Hausa, sannan kowa ya tashi tsaye ya yi minti biyu, wani na riƙe da agogo. Tsayuwar wajibi ce, don hira a zaune kan benci ba ta taɓa tsoron da ake son a kashe. Bayan kowane jawabi a faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da za a gyara, kada a ƙara, kuma a hana dariyar ƙeta, don sau ɗaya aka yi wa mai kunya ba zai sake tashi ba. A ɗauki murya a salula, mai ita ya saurara shi kaɗai ya ƙirga sau nawa ya ce "wato", "ka gane", "to". A mako na huɗu a fara jefa wa mutum batu ba shiri ya yi minti ɗaya, a mako na shida a gayyato baƙo biyu da ba a saba da su ba. In za a iya aron makirufo a wannan zaman, a gwada riƙe shi tazarar yatsu uku daga baki, a ɗan karkace, kuma kada a tsaya gaban lasifika don kada ta yi kuka.