BSA Victor 441 ko Triumph TR5T?

Dukansu baburan Ingila ne na kwalta da daji, masu giya 4 a ƙafar dama.

Victor silinda ɗaya gare shi, cc 441, kuma ya samo asali daga babur ɗin da ɗan tseren Ingila Jeff Smith ya ci gasar tseren babur a daji ta duniya da shi a 1964 da 1965. Ba nauyi, ga ƙarfin hawa tudu. Sai dai wajen tayarwa akwai aiki: in ba a ja libar rage matsin injin an tsallakar da fistan daga inda ya fi matsewa ba, kik ɗin kan dawo ya doki ƙafa. Jijjigarsa kuma tana kwance noti.

TR5T na 1973 zuwa 1974 silinda biyu ne, cc 490, baƙin mansa cikin firam (ƙarfen jikin babur ɗin) yake. Ya fi laushi a kwalta, ya fi sauƙin tashi. Mai doguwar tafiya shi ya kamata ya nema.