Adashi ko banki: zaɓin manoman Japan a Brazil

Japanawan da suka fara sauka a tashar Santos a 1908 ƙwadago suka shiga yi a gonakin kofi, kuma baƙon da ba shi da fili da wuya banki ya saurare shi. Sai suka koma ga tanomoshi, adashinsu na gida: kowa ya zuba, mutum ɗaya ya kwasa. Ba a neman jingina, mutunci ne ke tsaya wa mutum, don wanda ya ci amana ba shi da maɓoya a ƙauyen da kowa ya san kowa. Sai dai kwasar ba ta wuce ƙarfin masu zubi, kuma in damina ta yi gardama, tare take kayar da su duka.

Banco América do Sul, wanda Japanawa suka kafa a Sao Paulo a 1940, shi ya cike wannan giɓi. Manomi zai yi bayani da harshensa, ya ajiye kuɗin audugarsa, ya karɓi rancen da ya isa sayen fili. A ganina shi ya fi dacewa da mai son faɗaɗa gona, duk da nauyin kuɗin ruwa da wa'adin biya. Bankin Sudameris ya saye shi a 1998.